Inuwa ta Biyu a Gadar Kanal

Fatakwal, 3 ga Fabrairu

Zuwa ga Yaya Mansura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Malam Nasiru da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma lafiya lau, sai gumin garin nan da ba ya ƙarewa. Shagon gyaran kwamfuta yana tafiya, alhamdu lillahi.

Za ki yi mamakin ganin takarda a hannun Hammadu direban motar tumatir alhali ga waya. Dalilin shi ne ɗan memorin da na naɗe a ciki, ki kula kada ya faɗi.

Akwai wani wasan kwamfuta na tuƙin manyan motoci da nake yi ranar Lahadi in an rufe shago. Masu wasan suna iya ƙara masa abin da babu a ciki, kamar hanyoyi da garuruwa, mod muke ce wa irin wannan ƙarin. Wata biyar ke nan ina gina hanyarmu a ciki, tun daga Kura har gadar babban kanal na ban ruwa, ta bayan gidanmu. Na sa gonakin shinkafa, na sa ƙofar ƙarfen da ake buɗe ruwa, har tsamiyar bakin gada. Komai ya zauna, sai haske. Ranar cikin wasan ta ƙasar sanyi ce, fara sol kamar fitilar asibiti. Wuraren saiti sun fi ashirin: ƙarfin rana, launinta, duhun inuwa, ƙyallin ruwa. Na ƙara wannan na rage wancan har na gaji, in na kalla sai in ga garin wasu. Ashe na manta yadda la'asar take a gida.

Alfarma nake nema. Tunda ta gadar kike bi kullum in za ki koyarwa a Islamiyya, ki tsaya a kanta, ki ba rana baya, ki ɗauki hoto ɗaya. Kwana bakwai, da la'asar, lokaci ɗaya, wuri ɗaya. Ki zuba a memorin ki ba Hammadu. Kada ki turo ta waya, matse hoton ake yi a hanya, hasken ya mutu.

Ki gaishe da Inna ƙwarai.

Ƙaninki,
Taufiq


Kura, 14 ga Fabrairu

Taufiq,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, kowa yana gaishe ka. Ƙafar Inna ta warke, har tana share tsakar gida da kanta. Sai dai mantuwa ta fara yi mata yawa. Shekaranjiya ta zuba gishiri sau biyu a miya, jiya kuma ta tambaye ni ko Baba ya dawo daga gona, mutumin da ya shekara huɗu a ƙasa. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ina leƙa ta safe da yamma. Tana yin sallar la'asar take jan ƙofa ta kwanta, sai magariba.

Ga hotunanka nan guda bakwai. Shekara shida ba ka zo ka ga kanal na gaske ba, kana can kana gina na ƙarya. Kuma duk tsawon kanal ɗin nan ka rasa inda za ka zaɓa sai gadar da ruwa ya ci yayanka Mudassiru. Ni da gudu-gudu nake wuce wurin, ka sa na koma tsayawa. A lokacin ma ba kowa, manoma duk sun hau sallah, sai ƙarar ruwa a ƙarƙashin ƙofar ƙarfen.

Amma gaskiyarka, da na duba hotunan na ga wurin yana da kyau. Shinkafar ta yi shar, ruwan kuma kamar an narka tagulla. Shekarata nawa ina bi ban taɓa lura ba.

Na sa maka kilishi da soyayyiyar gyaɗa. Ka tambayi Hammadu, kada ya ce ya manta.

Yayarka,
Mansura


Fatakwal, 22 ga Fabrairu

Yaya Mansura,

Assalamu alaikum. Saƙo ya iso, na gode, Allah ya bar zumunci. Maganar mantuwar Inna ta tsaya min a rai. Allah ya ba ta lafiya.

Hasken ya zauna. Na ajiye hotonki a gefe ɗaya, wasan a gefe ɗaya, ina ja a hankali. Na rage farin ranar, na ƙara mata ja kaɗan, na sauke ƙyallin ruwa. Sai kawai na ga gida. Na tsayar da motar a kan gada na daɗe ban taɓa komai ba.

Amma akwai abin da nake so in tambaye ki. Simintin bakin kanal da ke cikin wasan daga hotonki na yanko shi na shimfiɗa, don ya yi kama sosai. Ƙasan hoton ya yi duhu, saboda wayar ta bi hasken shinkafa. Da na zo saita duhun inuwa na sassauta shi, sai abin da ke cikin duhun ya fito. Ga inuwarki nan doguwa kin ɗaga waya. A gefenta na hagu, a can kusurwa, akwai wata. Kai ne da kafaɗu.

Na ɗauka kuskuren wasan ne. Na juya ranar zuwa hantsi, inuwar tsamiya ta juya, ta ƙofar ƙarfe ta juya, har taki na goge. Waccan tana nan inda take, cikin hasken hantsi, a kan farin siminti, ba kowa a tsaye. Sai na koma hotunan na asali na buɗe duhunsu ɗaya bayan ɗaya. Tana cikin biyar daga bakwai, kuma kusan wuri ɗaya.

Kin ce ba kowa a wurin. To wane ne yake tsayawa a bayanki kullum da la'asar? Ki faɗa min gaskiya. Kada Inna ta ji wannan maganar.

Taufiq


Kura, 3 ga Maris

Taufiq,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya a jiki. Inna tana nan yadda ka sani.

Ka san abin da ka jawo min? Hammadu bai same ni ba, sai ya bar takardar a injin casar shinkafa wurin Malam Nasiru. Shi kuma ya ɗauka maganar memori ce kawai, ya buɗe. Idonsa bai sauka ko'ina ba sai a kan "wane ne yake tsayawa a bayanki kullum da la'asar, ki faɗa min gaskiya, kada Inna ta ji." Da ya shigo gida ya ajiye takardar a kan tabarma ya ce, "Har ƙaninki da ke Fatakwal ya sani, ni ne ban sani ba?" Na ce ya karanta daga farko. Ya ce shi bai san wani mod ba, Hausa ya iya, kuma Hausa ya gani. Kwana uku bai ci abincina ba. Shekara goma sha ɗaya muna tare bai taɓa yi min irin wannan kallon ba. Yanzu ya sauko, amma in an ambaci sunanka tashi yake.

Wallahi ni kaɗai nake tsayawa a gadar nan. Ka ji na rantse.

Da haushin ya wuce sai tsoro ya zo. Ranar Talata na ce bari in je in gani da idona. Na tsaya inda na saba, na ba rana baya. Na dubi ƙasa ta hagu, ba komai. Sai na sauka wajen ƙofar ƙarfen. Taufiq, akwai sawu a kan simintin. Sawun ƙafa ba takalmi, a jiƙe, bai gama bushewa ba, alhali rana tana dukan wurin. Daga bakin ruwa ya fito, ya hau sama. A inda ya fara kuma ga ƙwayoyin dafaffiyar shinkafa a warwatse, kiyashi ya yanyame su.

Na ciro waya zan ɗauka maka, sai na ji ƙarar ƙarfe a bayana, ƙwal, sau ɗaya. Na juya da sauri, ba kowa, sai tsamiya. Wayar ta suɓuce ta bi gangaren ta faɗa ruwa. Ban tsaya nema ba. Ban san lokacin da na kai Islamiyya ba, sai da wata malama ta ce min takalmina ɗaya ne a ƙafata.

Na daina bin gadar. Ta ƙaramar gadar ƙasa nake zagayawa, ko da ta fi nisa. Na san wanda ya mutu ya mutu, ni nake koya wa yara haka. Amma ka tuna Mudassiru ba ya shiga gona da takalmi.

Ka goge abin nan daga kwamfutarka. Ba ni da waya yanzu, sai ta hannun Hammadu, kuma ka ce masa hannuna da hannunsa.

Mansura


Fatakwal, 9 ga Maris

Yaya Mansura,

Assalamu alaikum. Ki yafe min, ki kuma ba Malam Nasiru haƙuri. Ban duba yadda maganar za ta faɗi a kunnen wani ba. Na kira shi sau goma sha ɗaya bai ɗauka ba, na tura masa saƙo. In ya nuna miki, to, in bai nuna ba, ki karanta wannan yanzu, kada ki ajiye.

Ban goge ba. Auna ta na yi. A cikin wasan ana iya sa rana daidai kwanan wata da lokacin da aka ɗauki hoto. Na sa ta a na hotonki na farko, na ɗauko mutum-mutumi na tsayar a bayan inda kike, ina matsar da shi ina rage tsawonsa har inuwarsa ta hau kan waccan daidai. Tsawon Mudassiru na fara sawa. Ta zarce da yawa. Na yi ta ragewa. Wanda ya yi inuwar nan gajere ne, bai kai kafaɗarki ba, a ɗan duƙe yake, kuma taku goma yake bayanki, jikin tsamiya. Kan ba shi da wuya, ya haɗe da kafaɗa, kamar an lulluɓa mayafi. A hoto na shida akwai wani abu zagayayye a gefen ƙirji. Na ƙara haske har hoton ya fara fashewa. Kwano ne mai murfi.

Yaya, kin ce Inna tana jan ƙofa bayan la'asar. Kin taɓa buɗewa kin gan ta a ciki? Ƙofar baya ta wajen rumbu kanal take kallo. Ki duba ƙafafunta da magariba. Kuma yanzu da kika daina bin gadar, ba mai ganinta.

Akwai wani abin kuma. Tunda na fara, bari in ƙarasa. Kin tambaye ni me ya sa na zaɓi gadar nan. Ranar da Mudassiru ya rasu na ce muku ban gan shi ba tun safe. Ƙarya na yi. Tare muke. Ni na hau ƙofar ƙarfen ina wasa, ya hana ni ban ji ba, na zame na faɗa. Ya yi tsalle ya biyo ni, ya turo ni har na kama ƙarfe na fito. Da na waiwaya ruwan ya ja shi ƙarƙashin ƙofar. Na ga hannunsa sau ɗaya. Ban yi ihu ba, Yaya. Akwai mutane a gonar albasa, da na yi ihu za su ji. Gida na gudu na canja kaya na zauna. Kuna ta nemansa har Garun Malam ina zaune, sai bayan kwana biyu aka gan shi a wajen Bunkure. Shekarata goma sha biyar a lokacin, yanzu ashirin da huɗu, ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Shi ya sa ba na zuwa. Shi ya sa kuma na gina wurin, don in riƙa tsayawa a kai ba tare da na haɗa ido da Inna ba.

Ki yi min duk hukuncin da kika ga dama, amma ki fara zuwa ki duba ta.

Taufiq


Kura, 21 ga Maris

Taufiq,

Wa alaikumus salam. Ka kwantar da hankalinka, Inna tana da rai, tana ɗakina, tari kawai take yi kuma an ba ta magani. Na fara da wannan don kada ka karanta sauran a tsaye.

Motar Hammadu ta lalace a hanyar Lakwaja, ya kwana tara a can. Jiya takardarka ta zo. Abin da kake tsoro ya riga ya faru ranar Laraba. Saƙonka kuma yana cikin wayar Malam Nasiru, ya ga sunanka ya ƙi buɗewa. Jiya da na karanta masa takardar ya ciro wayar ya buɗe a gabana, sai ya fita waje ya daɗe. Da ya dawo idonsa ja.

Ina cikin aji aka zo aka kira ni. Kulu ce ta ga Inna, matar nan ta rugar gabas mai kawo mana nono. Tana komawa gida ta bi ta gada, sai ta hango tsohuwa a gangaren simintin, ruwa ya kai mata ƙugu, ta ɗaga kwano sama da hannu biyu tana ƙara shiga. Kulu ta yar da ƙwaryarta ta kwanta a kan cikinta ta cafko mayafin. Ta ce Inna ko juyowa ba ta yi ba, cewa kawai take, "Sake ni, ga shi can, ya kusa." Ruwan yana jan su su biyu, Kulu tana ihu, har masu ban ruwa biyu suka zo suka fito da su. Gwiwoyin Kulu duk sun saɓule. Ka sa ta a addu'a.

Da na canja wa Inna kaya na shafa mata mai, na ce, "Inna, me kika je yi a kanal?"

Ta ce, "Abinci na kai wa Mudassiru. Ya daɗe a ciki, yunwa yake ji."

Na ce, "Tun yaushe kike zuwa?"

Ta ce, "Kullum. In na tarar da ke sai in tsaya jikin tsamiya. Na ga kina nemansa da wayarki, na ce kada in dame ki. In kin tafi sai in sauka in zuba masa a bakin ruwa. Da kika daina zuwa na ce to ni kaɗai na rage masa, gara in miƙa masa a hannu."

Ni da nake katanga ɗaya da ita ban sani ba, sai kai da kake Fatakwal. Malam Nasiru ya sa an toshe ƙofar bayan, kuma Inna ta dawo wurinmu gaba ɗaya.

Yanzu maganarka. Na karanta sau uku. Na yi kuka, na ji haushinka, har na ce ba zan ba ka amsa ba. Amma ka sani ba daga takardarka na fara ji ba. Ranar Asabar, kafin takardar ta zo, ina taje wa Inna kai, sai ta ce, "Taufiq ya san inda yake." Na ce wa? Ta ce, "Yayansa. Ranar ya shigo da wando a jiƙe ya cusa a bayan rumbu. Ni na ɗauka na wanke na shanya a ɗaki don kada babanku ya gani. Yaro ne, tsoro ya ji. Na rasa ɗaya, ban so in rasa biyu ba." Sannan ta ce, "Ki ce masa ya zo. Ba zan yi masa faɗa ba." Na ɗauka ruɗewa ce irin tata, sai ga takardarka.

Shekara tara tana riƙe da wannan ita kaɗai. Tana manta ko ta ci abinci, amma wannan bai gushe ba. Ban san tsawon lokacin da za ta ci gaba da gane mu ba, jiya sai da ta tambaye ni sunana. Ba zan roƙe ka ba, na dai faɗa maka.

Abu ɗaya ya rage da ban gane ba. Na lissafa kwanakin hotunan. Ka ce inuwar tana cikin biyar. Ka duba min ko har da na ranar Alhamis, hoto na huɗu. Ranar Inna ba ta gari, Gwaggo Ruƙayyatu ta tafi da ita suna a Madobi tun safe, sai washegari suka dawo.

Yayarka,
Mansura


Fatakwal, 26 ga Maris

Yaya Mansura,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi da Allah ya kawo Kulu. Ki gaishe ta, zan je rugar da kaina in yi mata godiya.

Na duba hoto na huɗu. Inuwar tana ciki. Wuri ɗaya da sauran, sai dai ta fi su tsawo, kuma ba mayafi, ana ganin wuya. Na sa ranar a lokacinta, na ɗauko mutum-mutumin zan auna, sai na fasa. Wataƙila mai wucewa ne ya tsaya shan inuwa. Allah ne masani. Na mayar da duhun yadda yake, na kashe kwamfutar, na sa ta a akwati na bar wa maigidana mai shagon ajiya.

Hammadu ne zai kawo miki wannan. Ni sai na miƙa aikin mutane da ke hannuna, zan taso jibi da asuba a motar haya, in Allah ya yarda ina Kura kafin sati ya fita. Ban san ranar komawa ba, na faɗa wa maigidan haka.

Kada ki karanta wa Inna waccan takardar. Da bakina zan faɗa mata, ko ta gane ni ko ba ta gane ni ba.

Ki roƙar min Malam Nasiru abu ɗaya. Ranar da aka kai Mudassiru na ce zazzaɓi nake, na shige ɗaki na rufe. In na iso ya raka ni maƙabarta ya nuna min kabarin, don ban san inda yake ba.

Ƙaninki,
Taufiq